Yadda Na Kai Ciyawar Tibiri Birnin Kabi

Tun da na dawo daga ƙasar Ingilishi, can ƙetaren iyakarmu, ban samu na zauna lafiya a inuwar bakin kasuwar Dogon Dutsi ba. Da na shimfiɗa buzu sai wani ya matso ya ce, "Tankari, wai da gaske ciyawa ka kai ma Ingilishi? Su ba su da ita?" Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani tela yana rantsuwa cewa a bayan dorina na ƙetare gulbi. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Ni malamin gona ne. Ina aiki ƙarƙashin wani Annasara da aka aiko daga Yamai ya duba noma da kiwo a ƙasar Arewa, Mushe kawai muke ce masa, yadda ake kiran namiji da Faransanci. A daminar da ta gabaci tafiyar nan ya zo da buhunan wani taki fari kamar gishiri, ya sa muka barbaɗa shi a wani yanki na makiyaya gabas da Tibiri. Kyasuwa ta tashi har ƙirjina, ni kuwa ba gajere ba ne, ganyenta kore har yana shirin komawa baƙi. Mushe ya tsaya a ciki aka ɗauke shi hoto, ya rubuta takarda zuwa Yamai, ya ce damina mai zuwa za a zuba takin a duk makiyayar da ke tsakanin Tibiri da Ɗan Kassari. Ni ma na bi gari gari ina yabo.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba, Ardo Juli, dattijon Bafillacen da garkensa ke kiwo a wurin. A cikin garken nan akwai saniyar matata Dije, wadda mahaifinta ya bar mata. Ita kaɗai gare mu, kuma tana da ciki. Bayan kaka Ardo ya zo har biro, wato ofishinmu, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya kira ni da sunan da yake kiran duk wanda ya yi makarantar Annasara, ya ce mini, "Ɗan lakwal, faɗa ma Annasaranka guba ya zuba muna. Shanu na cika ciki amma haƙarƙari na waje. Tafiya sukai kamar tsofaffi. Saniyar matarka jiya na ƙwace ƙashin mushen jaki daga bakinta, tana gurgurar shi kamar kare."

Na fassara wa Mushe, amma na rage kaifin maganar. Duk da haka fuskarsa ta yi ja, kwana biyu bai kula ni ba. Rana ta uku ya kira ni ya ce akwai wani likitan dabbobi a Birnin Kabi da suke musayar wasiƙa, kuma can ya fi kusa da aika kaya Dakar. In yanko ciyawa dami biyu, na inda aka sa taki in ɗaure shi da jan zare, na inda ba a sa ba in ɗaure da baƙi, in kai masa tare da wasiƙa. Da Ardo ya ji sai ya ce ƙafarsa ƙafata. "In ban je ba, ku ƴan takarda haɗa baki za ku yi."

Motar gwamnati ta sauke ni Tibiri, na kwana a rugar Ardo. Da safe, kafin in sa lauje, ya ja ni cikin doguwar ciyawar, wadda ta soma bushewa, ya buɗe ta da sanda ya ce in duba ƙasa. Ƙasa fili ce, babu komai sai gindin kyasuwa. Ya kai ni ɗaya gefen, inda ciyawa ba ta wuce gwiwa ba, ya durƙusa yana nuna mini da yatsa. Ga gadagi mai yaɗo, ga marak mai ƙananan ganye, ga harkiya, ga gude-gude, duk a cakuɗe.

Na ce, "Amma Baffa, waccan ta fi tsawo."

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ma ka fi ni tsawo. Mu ga wanda za ya fara neman inuwa yau."

Kafin mu tashi na je na ga saniyar Dije. Ta taho tana ɗaga ƙafa da ƙyar, ta kama bakin rigata ta soma taunawa. Daga nan tafiyar ta tashi daga aikin Mushe ta koma tawa. Muka aza wa jakin Ardo dami biyu da buhun garin fura, muka yi kudu. Rana ba ta kai tsaka ba na fara neman inuwa.

Iyakar da ake ta magana ba wani abu ba ne, dutse ne da aka shafa wa farar ƙasa a tsakiyar gonar wani mutum, karan gero iri ɗaya a kowane gefe. Ɗan duwan, mai binciken kaya na ɓangarenmu, ya san ni, ya buga hatimi a takardar wucewa, ya tambayi lafiyar Mushe. A ɓangaren Ingilishi kuwa muka tarar da wani ɗan doka mai jar dara a bakin rumfa. Ya zagaya jakin sau biyu.

"Mi ke ciki?"

Na ce, "Ciyawa."

"Na ga ciyawa. Mi ke cikin ciyawar?"

"Ciyawa, ranka ya daɗe."

Ya sa aka kwance, ya bi ta tsinke tsinke yana neman taba ko albarushi. Na miƙa masa wasiƙar Mushe, ya ba malamin da ke rubutu a rumfar. Malamin ya daɗe yana duba, sannan ya ce haruffan duka ya gane su, amma kalma ko ɗaya bai gane ba. Ɗan doka ya yi tunani ya yanke hukunci da kansa. "Mutum biyu da hankalinsu ba su ɗauko ciyawa daga ƙasar Faransa haka kawai. Magani ne." Ya rage murya ya ce bayansa na ciwo tun damina. Kafin in buɗe baki Ardo ya zaro tsinke uku daga damin jan zare, ya ce a jiƙa a sha da safe, kuma a bar yawan tsayuwa cikin rana ana tsare matafiya. Ɗan doka ya karɓa da hannu biyu, ya taya mu ɗaure kaya.

A Kangiwa muka sauka gidan Kawu Gado, ƙanin mahaifiyata. Jininmu ɗaya, harshenmu ɗaya, amma shi ya zama ɗan Ingilishi ni ɗan Faransa. Ina cewa biro yana cewa ofis, ina cewa lakwal yana cewa makarantar boko. Kwabonsu da huji a tsakiya, Kawu ya zura nasa a igiya kamar busasshiyar kuɓewa. Tuwon dawa aka kawo mana, irin na gida, sai dai miyar da man ja, wanda mu sai ranar biki muke ganinsa. Bayan mun ci Kawu ya jawo gardama a kan Annasaran wa ya fi wahalar da mutane. Ya ce namu sun fi duka, na ce nasu sun fi wayo. Ardo ya ce shi dai duka biyun sun ƙirga masa shanu, babu wanda ya taɓa tambayar sunan ko guda.

Da gari ya waye na fito in yi alwala sai na ga jakin ya tsinke igiya, yana tsaye a bakin zauren da muka ajiye kaya. Damin baƙin zare babu shi, sai zaren kaɗai a ƙasa. Na jan zare kuwa ya ja baki guda ya zubar. Ardo ya fito ya gani, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan turmi.

"To, ɗan lakwal, mu koma gida. Likita ya riga ya duba, ga shi nan da dogayen kunnuwa."

Ni ban ga abin dariya ba. Komawa Tibiri kwana biyu ne, kuma ban san da wace fuska zan gaya wa Mushe jaki ya cinye rabin aikin gwamnati ba. Kawu ya ce in kwantar da hankalina, ciyawa ai ciyawa ce, ga ta nan bayan gidansa. Na san ba daidai ba ne, don awaki sun shekara suna kashi a wurin, ba irin ƙasar makiyayarmu ba ce. Amma na ɗauki lauje na yanko, na ɗaure da baƙin zaren. Ardo ya daina dariya. Duk yinin ranar bai sake ce mini ɗan lakwal ba. Ban taɓa zaton zan yi kewar sunan nan ba.

A kan hanyar Birnin Kabi muka koyi cewa motocin Ingilishi hannun hagu suke bi. Mun ji ƙarar wata babbar mota a bayanmu, muka ja jaki muka kauce zuwa inda muka saba kaucewa a gida, ashe gabanta muka shiga. Direban ya taka birki, ya leƙo ya zazzage mu. Da ya ga takalmana da hular biro sai ya ce, "Ƴan Faransa ne," ya ja motarsa kamar wanda ya gano cutar da ba ta da magani.

Washegari da hantsi muka iso gulbi. Mu mutanen Arewa ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tafki, wannan kuwa fadama ce da ba a ganin ƙarshenta, shinkafa a tsaye cikin ruwa. Mai jirgin Basarke ne, irin masuntan wurin. Ya ɗaure kan jakin a gefen jirgi don ya yi iyo, ya ce mu zauna tsakiya kada kowa ya motsa. Ardo, mutumin da aka san ya kori kura da sanda, ya runtse ido ya riƙe bayan rigata da hannu biyu. Mai jirgi ya yi ta tsokanarsa yana tambaya ko Filani na kiwon kifi.

Mun kai tsakiyar ruwa ke nan, jirgi na tangaɗi, sai na ji muryar Ardo a bayana, a hankali. "Tankari, in munka nutse nan da ciyawar ƙarya, mi za ka faɗa in an tambaye ka?"

Ranar ya fara kiran sunana. Na jawo damin bayan gidan Kawu na tura shi cikin gulbi. Mai jirgi ya bi shi da kallo yana tafiya a kan ruwa, ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan sadaka ba.

A birni wani fatoma kusa da kasuwa ya ba mu zaure tare da fataken goro. Aka kawo tuwon shinkafa fari fat da miyar kifi. Ardo ya shinshina ya ture, ya ce abin da ke kwana cikin ruwa bai shiga cikinsa ba, ya fita neman masu nono. Bai daɗe ba ya dawo da ƙwarya cike da labarin cewa mai nonon jikar wani ɗan'uwan kakarsa ce. Ni na ce sai na nuna ni ɗan birni ne. Loma ta uku ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Fataken goro suka taru a kaina, wannan na bugun baya, wancan na addu'a, har fatoma ya zo ya dunƙula tuwo ya ce in haɗiye ba taunawa. Ƙaya ta wuce. Ardo yana shan nononsa bai ko ɗago kai ba.

Da safe muka nemi ofishin dabbobi. Likitan, wani Bature, ya fito da gajeren wando ya ce, "Sannunku da zuwa, yaya hanya, yaya mutanen gida?" Ardo ya taɓa ni ya ce, "Wanga ina anka haife shi?" A wurinmu Kwamanda, Annasaran da ke mulkin ƙasa, sai ya shekara biyar bai iya gaisuwa ba sai da tafinta. Sai dai Hausar Baturen ta Kano ce, da Ardo ya saki tasa sai Baturen ya yi ta cewa a maimaita. Ya karanta wasiƙar Mushe, ya kira wani dattijo mai tabarau, Malam Sambo, malamin dabbobi, ya ce wannan ya fi shi sanin ciyawar ƙasar nan.

Na gaya wa Malam Sambo gaskiya, tun daga jaki har gulbi. Ya cire tabarau ya goge ido don dariya, sannan ya ce dami ɗaya ba ya isa, sai da abin gwadawa. Ya tambaya ko babu wani abu na makiyayarmu tare da mu. Ardo ya tashi ya fita. Ya dawo rungume da akumarin jaki, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Ashe ranar da za mu taso ya sake cusa shi da ciyawar gefen da ba a sa wa taki ba.

Na ce, "Baffa, tun Kangiwa ka san da wannan?"

Ya ce, "Na sani. So nike in ga iyakarka."

Malam Sambo ya baza su biyu a kan tabarma. Ta jan zare iri ɗaya ce, dogon kara, in ya karya sai ya ga ciki fayau. Ta akumari tana warin zufar jaki, amma cike take da ƴaƴan gadagi da ganyen marak. Ya tambayi Ardo ko shanun na lasar ƙasa, ko ƙafafunsu sun sanƙare, ko suna jinkirin ɗaukar ciki. Duk Ardo ya ce haka ne.

Malam ya ce, "Ciyawa ma ci takai, kuma ba abinci guda take ɗauka daga ƙasa ba. Akwai mai sa ganye, akwai mai gina ƙashi, akwai wasu. Takin Annasaranku mai sa ganye ne kaɗai. Ƙasar rairayi kuwa dama mai gina ƙashin kaɗan ne cikinta. Da ciyawa na gajera, ɗan abin da ta samu ya wadace ta. Yanzu ta ninka tsawo, shi kuwa bai ƙaru ba." Ya juya ga Ardo. "In matarka ta zuba ruwa tulu guda cikin nono ƙwarya guda, mi za a samu?"

"Matata ba ta yin haka."

"To, in maƙwabciyarta ta yi."

"Ƙwarya ta cika, mai sha ya tashi da yunwa."

"Abin da shanunka ke sha ke nan. Kuma da kyasuwa ta yi tsawo ta tare ma gadagi da marak rana, sunka mutu, su kuwa su ne masu maiƙon makiyaya. Saniya ta san abin da jikinta ya rasa, shi ya sa take bin ƙashi."

Ardo ya gyara zama ya dube ni. "Ban ce guba ba ce?"

Malam ya ce, "Ba guba ba ce, Ardo, rabin abinci ne. Kashin shanunka ya fi shi don kowane iri akwai kaɗan ciki. Amma ko shi in ya taru wuri guda, ka san ciyawar da ke fitowa inda garke ya daɗe yana kwana."

Ardo ya sosa gemu, ya yarda cewa shekarar farko shanu kewaye ta suke yi. Ya ce shi da ya yi niyyar ya ƙara musu kanwa. Malam ya ce kanwa tana da amfaninta, amma ba ita ce ta ɓata ba. A tara ƙashi, a ƙone shi sarai har ya yi fari, a daka, a haɗa da gishiri a ba shanu su lasa. Takin kuwa ko dai a haɗa shi da irin mai gina ƙashi, ko a bar makiyaya yadda Allah ya yi ta. Ya ƙunshe ciyawar biyu ya ce za a aika kudu a auna, amsa sai bayan watanni. Har yau da nake rubutun nan ba ta zo ba.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Mun sake cusa akumari da bambaron shinkafa, mun bi hannun hagu har iyaka. Ɗan doka mai jar dara ya tare mu da fara'a, ya ce baya ya yi sauƙi, ko akwai saura.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ƙofar biro. Na miƙa wa Mushe amsar likitan, sannan na faɗa masa duk abin da Malam Sambo ya ce, wannan karo ban rage komai ba. Ya daɗe yana kallon hotonsa cikin ciyawa da ke rataye a bango. Takardar yabo ta riga ta isa Yamai, an ma yi masa alkawarin buhuna.

Ya ce, "Ka san abin da wannan zai jawo mini?"

Na ce, "Na sani, Mushe. Ni ma sai na koma duk garin da na yi yabo in warware."

Ya jawo takarda ya rubuta wa Yamai cewa a dakatar da buhunan. Da ya gama ya ce tunda ni na ɗauko maganar ƙashi, ni zan tara shi.

Haka na yi rani guda ina bin mahauta da buhu, daga Dogon Dutsi har Tibiri. Karnukan gari suka san ni, in na fito biro sai in tarar da su a jere suna jira, su raka ni har bayan gari inda nake ƙonawa. Warin ƙonannen ƙashi kuwa ba ya fita da sabulu. Dije ta fitar mini da tabarma zaure, ta ce in zauna can har saniyarta ta ga amfanin abin, in ba ta gani ba kuwa sai mu sake magana.

Cikin wata biyu shanun Ardo suka bar bin mushe, tafiyarsu ta saki. Da bazara, ranar kasuwa, sai ga Ardo a ƙofar gidana da ƴar ƙwarya a rufe da faifai. Ya ce saniyar ta haihu, maraƙa, ta miƙe da ƙafafunta tun kafin uwar ta gama lashe ta. Ya miƙa wa Dije nonon, ya zauna kusa da ni, ya ɗan ja hancinsa ya matsa gefe.

Dije ta shiga ta dama fura da nonon, ta fito da ita a sabuwar ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye a gabana, idonta cike da hawaye. Na ce ke nan yau in naɗe tabarmata in koma ɗaki.

Ta ce, "Sha furarka, maigida, Allah ya saka maka. Ɗaki kuwa sai jibi, in ka yi wanka biyu."